Rarar Yadin Rigar Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yara. Yaya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya.

Na rubuto ne domin duk sanda na kira ki a waya kuka kike sawa, sai mu rabu ban gaya miki yadda ake ciki ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da makaranta ba mu daɗe muna shiri ba.

Baba yana asibiti, ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Likita ya ce ciwon hanjin ya bazu, amma akwai wani aikin tiyata da za a iya ƙara yi masa. Da na tambaya ko zai warke, sai likitan ya tsura wa takalminsa ido. Na lura haka yake yi a gadon duk wanda jikinsa ya yi tsanani.

Da safe ina buɗe shago in yi ɗinkin mutane, rana na yin tsaka in rufe in nufi asibiti. Na gaji, Yaya. Shekaranjiya na ɗinka wa wani hannun riga a juye, mutumin ya dube ni, ya dubi rigar, ya naɗe ta ya tafi. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kin tuna farar rigar Baba ta zuwa coci? Ran Lahadi Fasto yana zuwa yi masa addu'a, shi kuwa ya ce ba zai karɓi baƙon Allah da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya ba. Na kawo masa, ta yi masa yawa, ya ce ya koma tsintsiya a cikin buhu. Sai na rage ta. Kin dai san dokarsa a shago: in za ka rage wa mutum riga, kada ka yanke, ka naɗe rarar yadin a ciki, domin wanda ya rame yana iya murmurewa. Haka na yi.

Kin ce in amince a yi aikin. Ni ma abin da nake so ke nan.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kina samun barci. Mu nan da sauƙi, kamar yadda ake faɗa.

Na sake rage rigar, na kuma sakewa. Rarar da nake naɗewa ta taru a gefe, ta yi kauri kamar igiya. Ran Lahadi da yamma nas ta kira ni, ta ɗaga wa Baba hannu ta nuna mini haƙarƙarinsa. Naɗin ya goge masa fata har ta yi ja. Ashe tun safe yana ji, bai faɗa ba.

Matan coci sun zo, sun kewaye gadon, suka yi ta addu'a da ƙarfi cewa sai ya tashi ya taka da ƙafarsa. Ya amsa musu amin, ya gode. Bayan sun fita ya ce mini Allah dai ba kurma ba ne, amma mai karyayyar ƙafa na gadon kusa ya sha albarka kyauta.

Daga nan ya kama hannuna ya faɗa mini abu biyu. Ba ya son aikin, gida yake so. Rigar kuma in yanke rarar.

Na ce masa ai dokarsa ce. Ya ce dokar ta mai murmurewa ce, shi kuwa tela ne, ya san awon jikinsa. Ya ce ya roƙi Allah lafiya har muryarsa ta dushe, bai kuwa yi laifi ba, don Yesu ma ya roƙa a lambu a ɗauke masa wahala kafin ya bar wa Uba. Ya tambaye ni wane mai kawo ɗinki ne ya fi ba ni haushi. Na ce wanda zai tsaya a kaina ina yanka, yana kai hannu ga almakashi. Ya ce to shi ma ya gaji da yi wa Allah haka.

Sai na ce masa almakashin ya dakushe. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce shi ya wasa shi da hannunsa kafin ya kwanta, in nemi wata ƙaryar.

Ban yanke ba. Rigar tana rataye a shago, ina ɗinki ina juya mata baya. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki. Na san har yanzu ranki a ɓace yake da ni. Kin ce na saduda, na bar Baba ya mutu. Ban ji haushi ba, don ni ma na faɗa wa kaina haka. Amma ki bari in gaya miki yadda aka yi.

Ran Asabar na je da niyyar in ce wa likita a yi aikin. Na tarar an wanke Baba, yana zaune an tokare shi da filo. Bai yi mini zancen gida ba. Ya dai ce in kawo rigar gobe yadda take, in naɗin ne zai kwantar mini da hankali, zai sa ta haka nan. Yaya, mutumin da cokali ya fi ƙarfinsa, shi ne zai daure wa ciwo don ni. A nan na gane ba don shi nake naɗe yadin ba.

Na koma shago, na farke ɗinkin, na shimfiɗa rigar a tebur. Na daɗe a tsaye da alli a hannu. Addu'ar da ta zo mini gajeriya ce. Na ce, Ubangiji, ga shi nan, naka ne tun kafin ya zama namu. Sai na yanka. Almakashin kuwa da kaifinsa.

Mun dawo da shi gida, nas ta koya mini yadda ake ba shi maganin rage zafi. Yana ɗakin bayan shago, ƙofa a buɗe, don ya ce yana son jin ƙarar keken ɗinki. Jiya yana kwance ido a rufe ya ce zaren ƙasa ya yi sako-sako. Na duba, haka ne.

Ya ce kada ki kuskura ki hau mota da cikin nan. Ya sa miki albarka, ya ce ba ki da bashin zuwa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina yi miki gaisuwar rashi, ke ma ki yi mini. Mijinki ya gaya miki tun ranar, amma na san za ki so jin sauran.

Da hantsi ne. Ina kan keke, sai na lura na daɗe ina ɗinki ba wanda ya gyara mini. Na shiga na same shi yana numfashi a hankali. Na riƙe hannunsa, na karanta masa addu'ar da ya koya mana muna yara. Leɓensa na motsi tare da nawa. Kafin in kai amin ya riga ni isa.

Ban ga tsoro a fuskarsa ba. Gajiya na gani, irin ta wanda ya gama aikin mutane ya rufe shago.

Da farar rigar aka binne shi. Ta zauna masa daidai, babu abin da ke gogarsa.

Ba zan ce miki na warke ba. Ina buɗe shago, ina rufewa. Wani lokaci ina jin Allah kusa, wani lokaci ba na jin komai sai ciwon baya. Fasto ya ce duka biyun Yana nan, na kuma yarda.

Ga ɗan ƙunshi tare da wasiƙar nan. Rarar yadin da na yanke ce. Kin san Baba ba ya zubar da ƙyalle. Na harhaɗa ta, ta isa hular jariri. In kin sauka ki sa masa, ko ki sa mata. Idan kin juya cikinta za ki ga naɗi a gefe. Kada ki ce na yi kuskure, da gangan na bari. In kai ya girma, sai ki farke.

Allah Ya riƙe mu. Ki gaishe da mijinki da yara.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta