Waƙar da Nake Ji a Bayan Muryarka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake. Da gangan na ce a duk inda kake, don ban yarda kana inda ka ce min ba.

Na rubuta a nan inda kowa zai gani ne saboda ka daina ɗaukar kirana, amma na san ba abin da zan saka a shafin nan ya wuce ba ka karanta ba. Ba zan faɗi sunanka na yanka ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin da ka yi wa aiki ba. Kai dai ka san da kai nake.

Ka tuna lokacin da ka samu aiki a yadi, wato filin ajiye motocin da ake saukewa a Jebel Ali nan Dubai, 'yan Japan ɗin nan masu sitiyari a dama, waɗanda ake juya wa sitiyari kafin a loda su zuwa gida? Kai ka gaya min yawancinsu da waƙoƙin masu su na farko suke zuwa, a maƙale cikin rediyo, ba dama a kwashe su zuwa waya.

Akwai wata farar mota a can ƙarshen yadin, giyarta ta lalace, kowa ya ƙi saye. Ranar da na rufe shagon ɗinki a Satwa na zo ganinka, a cikinta ka zaunar da ni. Kana murɗa makulli wata mata ta yi magana da yarensu, na zabura ina a'uziyya, ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ka ce na'ura ce, wani kati take nema, duk kunnawa sai ta tambaya.

Sannan waƙar ta fara. Mace ce da fiyano, a hankali, ba ihu ba kururuwa, kamar mai ninke kayan wanda ya yi tafiya. Mai waƙar da ta biyo bayanta namiji ne, muryarsa na rawa a ƙarshen kowane baiti. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma jikina ya mutu. Na ce ka kashe min wannan abu, mutum yana zamansa lafiya a sa shi kewar wanda bai sani ba. Ka ce, "Yaya, ba sai kin ji yaren ba. Wanda ya tara waɗannan, shi ma ya sha zaman kaɗaici."

Tun daga nan na lura, duk ranar da abu ya dame ka, cikin motar nan kake cin abincin rana.

Da kamfanin ya sallame ku aka soke bizarku, ka ce min khalas, shi ke nan, gida za ka koma. Na ce zan raka ka filin jirgi, ka ce a'a, kada in rufe shago. Na ce ka nuna min tikiti, ka ce yana wayar abokinka. Daga baya ka turo saƙon murya wai ka sauka lafiya, kana wajen wani aboki a Kaduna, kada in gaya wa Umma tukuna, kunyar zuwa Kano hannu rabbana kake ji. Na yarda, don na san halinka da kunya.

Amma Auta, ni na goya ka. Tun kana satar suga a kwanon Umma na san yadda muryarka take komawa in kana ƙarya.

Ran Talata ka ce min yanzu kuka idar da magariba. Na duba agogo, mu a nan ne aka idar. A Kaduna lokacin ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Na ce ƙila bakinka ne ya subuce, na bar maganar.

Saƙon jiya ne ya hana ni ko zura zare a allura. A bayan muryarka, can ƙasa-ƙasa, matar nan mai fiyano ce. Na ce wa kaina wataƙila ka samo waƙar a waya, ai duniya ba abin da babu. Na sake saurare da abin kunne. Kafin ka fara sallama, akwai ƙarar makulli, akwai kuma na'urar nan tana neman katinta. Wace mota ce a Kaduna take tambayar kati da yaren Japan sannan ta ɗora da waƙar da na sani?

Ga abin da nake zargi, kuma zan faɗa ƙarara. Ba ka hau jirgi ba. Kana garin nan ba takarda, wani a yadin yana rufa maka asiri, kana kwana a motar da ba mai saye. Kana kunna ta don ka sami sanyi ka yi cajin waya, waƙoƙin kuma su taya ka zama.

Tsoro nake ji, Auta. Ba tarar da ke hawa kanka ce ta fi damuna ba, wannan a zauna a san yadda za a yi, akwai mutanenmu a unguwar Qusais da suka san hanyar da ake bi mutum ya fita da mutuncinsa. Zafin garin nan nake tsoro. Watan da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu, kai kana rufe a mota da inji a kunne. In mai ya ƙare kana barci fa? In hayaƙi ya shigo? Wa zai buɗe ka?

Umma ta kira shekaranjiya ta ce yaya Auta da aiki. Na ce lafiya lau. Ka ga ka mai da ni abokiyar ƙaryarka, kuma haushinka nake ji kan wannan, sosai ma. Amma haushin bai kai kewar ba.

Ba wanda ya aiko ka Dubai don ka burge shi. Aiki ya ƙare wa manya masu shaguna ma, sun koma gida, ba wanda ya mutu don an ce ya dawo ba komai. Ɗakina ƙarami ne, mu uku ne a ciki, amma akwai maƙwabcinmu ɗan Zariya da ya ce min gadon sama a ɗakinsu ba kowa. Ban ce masa don wa nake tambaya ba.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo bakin ƙofar yadin. Ba zan shiga ba, ba zan tambayi mai gadi komai ba, kada in ja maka ido. Zan tsaya a tsallaken titi har la'asar. In kana Kaduna da gaske, na sha rana a banza, kuma zan dawo shafin nan in ba ka haƙuri a gaban kowa. In kana ciki, kashe waƙar ka fito. Ba zan yi faɗa ba, ko na yi ma kaɗan ne.

Allah ya tsare min kai daga zafi da hayaƙi da mugun tunani, ya sanyaya zuciyarka, ya sa kunyata da kake ji ta ragu. Ban san wanne zan roƙa ba, in tsaya a banza ko in ga ka tsallako. Na bar wa Allah ya zaɓa, ni dai ya nuna min kai da rai.

Taka har kullum,
Yayarka