Kunun da Ya Kwana a Bayan Motarku

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke zagayawa da baƙi ɗanɗanon abinci da abin sha na gargajiya a Gusau, Tsafe da Bungudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Hassatu, amma a Tudun Wada an fi sanina da Malama mai kunu. Na koyar a firamare har na yi ritaya, sannan na koma sana'ar da na tarar da mahaifiyata tana yi a garinmu Rawayya, wato kunun zaƙi. Ba mu taɓa haɗuwa da kai ba. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka yi tafiya. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda abin da aka yi mini, a fili aka yi shi.

Bari in fara da alherinku, don kada a ce tsohuwa ta manta. Bara, bayan babbar salla, wani matashi ma'aikacinku ya yi sallama a gidana. Shi ne jagoran da ke yawo da baƙi. Ba zan kama sunansa ba, domin mahaifiyarsa tana raye kuma muna haɗuwa a gidajen suna. Ya yi mini bayani cewa a manyan biranen duniya akwai yawon da ake kai matafiya wurin masu ƙananan sana'ar giya, su ɗanɗana wannan su ɗanɗana waccan, kowace da irin abincin da ke tafiya da ita. Ya ce ku kun ɗauko tsarin ne kun bar giyar a can, za ku yi da kunu da fura da zoɓo da ruwan tsamiya. Da na ji kalmar giya sai da na maimaita tambaya, shi kuma ya rantse mini cewa ko warinta ba zai kusanci wannan tafiya ba.

Na yarda, kuma na ji daɗi. An daɗe ba a ambaci Zamfara ba sai da labarin tashin hankali, sai ga mutane daga Abuja da Legas da Kaduna suna cire takalma suna zama a tabarmar tsakar gidana. A nan suke karyawa da kununa da ƙosai mai zafi da hoce, su wuce Bungudu shan fura da nono, washegari su nufi Tsafe cin tsire da zoɓo. Abu ɗaya da ya riƙa ba ni kunya shi ne 'yan kofunanku, waɗanda ba su fi na auna maganin tari ba. Da mahaifiyata ta ga na miƙa wa baƙo wannan, da ta ce rowa ta kama ni da tsufa. Amma jagora ya ce haka ɗanɗano yake, ni kuma na bi, ina ƙara wa wanda na ga yana lasar baki a ɓoye.

Yanzu ga abin da ya faru, kuma ina da shaida a kan kowace gaɓa.

Na farko. Wata Juma'a a watan jiya, bayan baƙi sun gama karyawa, jagora ya miƙo mini jarka ya ce in cika masa da kunu don guzurin hanya. Na cika, a zatona kafin su isa Bungudu an shanye. Ashe ba a buɗe ta ba. Ta je Bungudu a bayan mota cikin wannan zafin, ta dawo Gusau, ta kwana a motar a rufe, washegari ta tafi Tsafe. Sai da la'asar ta Asabar aka buɗe ta a gaban mai tsire. Direban da kuka ɗauko haya daga tasha, Malam Isa, ɗan unguwarmu ne. Ya gaya mini cewa tun da safe ya nuna wa jagora yadda jarkar ta kumbura, ya ce a zubar, jagora ya ce a bar ta, haka ake so. Dalili kuwa, tun ranar farko wani daga cikin baƙin ya yi raha cewa tafiyar ta yi daɗi, giya mai sanyi kawai ta rasa.

Na biyu. An ɗauki bidiyon buɗe jarkar. Kumfa ta yi tsiri sama, ana ta dariya, ana zubawa a 'yan kofunan nan ana haɗawa da tsire. A saman hoton aka rubuta cewa wannan giyar gargajiya ce ta Zamfara. Daga nan sai aka haɗo da hoton da aka ɗauke ni da safiyar Juma'a, ina riƙe da ludayi ina murmushi, ga ƙofar gidana, ga sunana a ƙasa. A shafin kamfaninku aka sa shi, ba a wayar wani baƙo ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Kafin Litinin bidiyon ya shiga kowace waya a Tudun Wada. Masu suna da walima da suka saba aiko mini sun ɗauke ƙafa, amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba, ciniki yau ya tafi gobe ya dawo. Maƙwabciyata Inna Abu, wadda ta fi shekara ashirin tana shan kununa, ta shigo ta zauna, ta ce, "Hassatu, ni na san ki tun kina amarya. Amma hwaɗa mani gaskiya, mi anka zuba ma kunun ga har shina kumfa haka?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ta yi da zuciya ɗaya, kuma na ga tsoro a idonta, tsoron ko ta daɗe tana shan abin da bai halatta ba.

Alhaji, akwai abin da ba ka sani ba game da gidana. Tun rasuwar mahaifinmu, kowace shekara yayana da ke noma a Rawayya yana ware buhun gero daga gonar da Baba ya bari, ya aiko mini. Ni kuma in dama kunu kullum tsawon watan azumi, a kai masallacin unguwa a yi buɗa-baki, ladan ya isa kabarin Baba. Ba mu da wata sadaka da muke yi masa da ta wuce wannan. Ka san yadda noma ya koma a ƙauyukanmu, mutum yana sunkuye a gona kunnensa yana daji. Duk da haka bana ma buhun ya iso, yana jingine a ɗakina ina kallonsa. Makon jiya Liman ya aiko matarsa da saƙo cikin ladabi. Ya ce shi bai taɓa zargina ba, amma jama'a sun yi ta zuwa masa da magana, kuma abin da mai azumi zai fara kaiwa baki bai kamata a sha shi da kokwanto ba. Ya ce in dakata da kawo kunun bana, sai dai idan waɗanda suka jawo maganar sun fito sun wanke ta. Ban ga laifinsa ba. Da ni ce a matsayinsa, abin da zan faɗa ke nan. Amma na yi kuka bayan fitarta, ba zan ɓoye maka ba.

Na zauna na yi ta tunanin yadda abin ya yi saurin karɓuwa, na ga dalilin a cikin sana'ar yake. Kunun zaƙi da giyar hatsi daga tushe ɗaya suke tasowa. Hatsi ne, a jiƙa, a niƙa, a dama da tafasasshen ruwa, a sa tsiron hatsi ko busasshen dankali ya kawo zaƙi. Abin da ya raba su lokaci ne da niyya. Mai kunu tana tacewa da safe, a sha kafin rana ta faɗi, wanda ya rage ya fara tsami a ba dabbobi. Mai giya kuwa sakar masa take yi ya tafi inda ya ga dama. Mutanen unguwa ba sa tsayawa a kaina su ga ko na tsayar da shi a inda ya kamata. Yarda kawai suke yi, kamar yadda suke yarda mahauci ya ambaci sunan Allah kafin ya yanka. Wannan yardar ce jarina, ba tukunya ko rariya ba, kuma ita kuka rufe a jarka kuka bar ta cikin rana.

Da baƙo ne ya yi wannan, da na ce rashin sani ne. Ban ma riƙe baƙin a raina ba. Wasunsu ba addininmu ɗaya ba, abin da suke sha a garinsu tsakaninsu ne da Ubangijinsu, kuma a gidana ban ga komai daga gare su ba sai ladabi. Amma jagoranku ɗan Gusau ne, da kunu aka yaye shi, ya san abin da kwana a mota ke yi masa. Abin da na fahimta shi ne, a ransa yana ganin abin da muke da shi bai isa ya burge mutumin birni ba sai ya yi kama da nasu. Wannan ya fi ba ni tausayi a kan haushi. Mutane sun baro garin da giya take a kowace kwana, sun biyo hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau, don su sha abin da ba su da shi. Sai mu kuma muka ji kunyar abin, muka sa masa rigar aro.

Na huɗu. Zuwana ofishinku na biyu, sakatarenka ya ce an riga an goge bidiyon, in kwantar da hankalina. Magana zarar bunu ce, Alhaji. Kun goge a shafinku, amma yana nan a wayar matar mai unguwa da ta ɗan acaɓan da ke bakin layinmu. Bayan kwana biyu aka aiko mini da katan ɗin lemon kwalba wai na ban-haƙuri. Na gode, amma a aiko wa mai kunu da lemo, wannan ko a wasan kwaikwayo sai an yi dariya. Na rarraba wa maƙwabta, shi kam sun karɓa ba su tambayi abin da aka zuba a ciki ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu kuɗi a ciki.

Ina roƙon ka fito da bakinka, a shafin da aka sa bidiyon, ka faɗa da Hausar da Inna Abu za ta gane cewa kunun ya bar gidana lafiyayye, ma'aikacinka ne ya ajiye shi da gangan har ya lalace, kuma ba da sanina aka laƙa masa wancan suna ba.

Ina roƙon ka tako da ƙafarka zuwa Tudun Wada kafin a ga wata, kai da jagoran da Malam Isa, ku tsaya a gaban Liman bayan sallar la'asar, lokacin da masallaci ke da jama'a, ku maimaita wannan maganar. Liman ya ce idan aka yi haka, shi zai fara sha.

Ina roƙon ka kafa doka cewa kunu ko nono ba zai sake kwana a motarku ba, kuma ba za a sake sa fuskar mai sana'a a waya ba sai an nuna mata abin da aka rubuta a kai. Ina tunanin Bafulatanar da ke dama muku fura a wajen Bungudu. Ni na yi makaranta, na iya rubuta wasiƙa. Ita idan aka yi mata haka, sai dai ta ga ƙwaryarta ta daina ƙarewa, ba ta san dalili ba.

Shi kuma jagoran, ban ce a kore shi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaro ne mai fara'a da iya tarbar baƙi, kuma ban so a ce ta dalilina wani gida ya rasa abinci ana shirin azumi. Tsayuwa a gaban dattawan unguwa ya faɗi abin da ya yi ta ishe shi horo. Ban kuma ce a daina yawon ba. Idan an gyara, tabarmata tana nan.

Alhaji, Sha'aban ya yi nisa. Ko ka zo ko ba ka zo ba, daren da aka ce an ga wata zan kwance bakin buhun nan in jiƙa gero, domin yayana bai sa ransa a hatsari don ƙwari su ci ba, kuma ban san da wane baki zan gaya masa sadakar Baba ta tsaya ba. Zan niƙa, in dama, in tace, kamar kowace shekara. Abin da ban sani ba shi ne ko bokitin zai shiga masallaci, ko kuwa zan zauna da shi a ƙofar gida ana kiran magariba, ina kallon mutanen da na shayar shekara da shekaru suna wucewa suna kau da kai. Amsar wannan tana hannunka.

Idan ka zo, zan ba ka kunun da aka tace a ranar, a cikakken kofi irin wanda muke ba baƙo.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a kasuwancinka, Ya tsare motocinka da baƙinka a hanyoyinmu. Allah Ya nuna mana Ramadan lafiya, Ya kiyaye maka sunanka, kada Ya nuna maka ranar da maƙwabcinka zai tambaye ka abin da aka tambaye ni.

Wassalam.

Hassatu, Malama mai kunu,
Tudun Wada, Gusau.