Kun Sallame Ni, Kuma Kuna Yankar Fanshona

Zuwa ga Shugaban Amintattun Asusun Fansho na kwalejin da na yi wa aiki a Kuala Lumpur.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda ofishinka ya gaji da ganina, ni ma na gaji da zaman bencinsa.

Sunana Hadiza. Na koyar da lissafi a kwalejinku shekara da shekaru, har kuka rufe sashenmu kuka sallame mu. Ban ajiye aiki ba, ku kuka ce in tafi. Lokacin da nake aiki, duk wata ana cire wani abu daga albashina a zuba a asusun fansho, kuɗin kula da asusun kuwa kwaleji ke biya. Ina fita ƙofa, sai kuka ɗora wannan kuɗin a kan ajiyata.

Na farko, babu wanda ya gaya mini. Na sani ne ranar da na je neman cire wani abu saboda mijina, wanda ake yi wa wankin ƙoda. Na tarar ajiyar ta ragu. Ma'aikaciyar da ke kanta ta ce haka tsarin yake ga duk wanda ya bar aiki, ta kira wanda ke bayana a layi. A tsaye na karanta takardar asusun da ta miƙo mini. Kun san gidana a unguwar Taman Melati sarai, don takardar sallama ba ta ɓata hanya ba.

Na biyu, kun tsare kuɗin. In na cire kafin shekarun ritaya, ku ci ni tara mai nauyi. In na bari, ku yanka. Ranka ya daɗe, wane aiki kuke yi wa asusun da ba a zuba masa ko sisi? Abokan aikina da ke ciki har yau ba sa biyan komai. Mu da albashinmu ya tsaya, mu ne masu biya.

Na uku shi ya fi ƙona mini rai. Abin da kuke yanka ɗaya ne ga kowa, farfesa da ƙaramin ma'aikaci. Malam Bulus, mutumin Filato da ke kula da ɗakin kwamfuta, an sallame mu tare, ya koma Jos. Ajiyarsa ba ta da yawa. Ya kira ni yana murna, wai da ita zai yi rufin gidansa in lokaci ya yi. Na yi masa lissafi: kafin lokacin, kun cinye mafi yawanta. Da na gaya masa, murnarsa ta koma ciki.

Na sha barin mara lafiya a hannun maƙwabciya, in hau jirgin ƙasa in zo wurinku. Kullum amsa ɗaya, boleh lah, wato ba damuwa a yarensu, wai za a duba. Ko a ce mai sa hannu ya fita cin abinci. Yanzu hijabai nake sara a kasuwar Masjid India ina aikawa Kano, da ribar nake sayen magani, ku kuwa kuna cin gumina kuna kiransa kuɗin gudanarwa. Wannan zalunci ne, ko da takardunku sun halatta shi.

Ina neman ku dakatar da yankan nan, ku mayar wa kowa abin da kuka cire ba da saninsa ba, ku bar wanda kuka sallama ya ɗauki ajiyarsa ba tara. Ku kuma ba ni amsa a rubuce, da sa hannunka. In ba haka ba, zan kai ƙara gaban hukuma, kuma ba ni kaɗai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwananka har ka ga ranar da za a kira ka tsohon ma'aikaci. Ya sa ka tarar da tsarin da ka bar mana.

Wassalam, daga tsohuwar ma'aikaciyarku,
Hadiza.