Wa Ke Juya Min Kujera?

Anti, don Allah ki taimaka min, kaina ya ɗaure, tsoro ya hana ni sakat.

Kayan wuta nake sayarwa, ƙwan fitila da batir da waya. Shekara da shekaru, in zan fita cin abinci ba na rufe shago, maƙwabcina Baba mai gyaran agogo ne ke duba min. In aka sayi abu, sai ya sa kuɗin ƙarƙashin kofin shayina ya kife shi, ya juya kujerata ta kalli bango, alamar an yi ciniki. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. In na matsa, sai ya ce in je in sayi hankali da su.

Watan jiya Allah ya yi masa rasuwa, da ni aka kai shi. Bayan 'yan kwanaki na fita da rana tsaka ban kulle ba, jiki ya saba. Na dawo na tarar da kujera na kallon bango, kofi a kife, kuɗin ƙwan fitila biyu a ƙarƙashinsa. Rumfar Baba a garƙame, agogunansa na ta bugawa a ciki. Kullum na fita haka nake tararwa. Wata mata ma ta ce min tsohon ne ya ce ta ajiye a nan.

Yayana, wanda muka haɗa jari da shi, ya ce in riƙa sa kwaɗo ko ya janye hannunsa. Ni kuma tunanin barin layin nake. Ya zan yi?

Mai shago a ruɗe

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Wanda ya tafi ya tafi, addu'arka kawai yake bukata. Matar nan, ka tambaye ta yaushe ya faɗa mata? Ina kyautata zaton tun yana raye ne. Mutanen layinku sun daɗe suna kallon hannunsa, sun koyi kofin, sun koyi kujerar. Yanzu kowa ya shigo bai same ka ba, kunyar tsohon ce ke sa ya yi yadda ya ga ana yi.

Yayanka ma yana da gaskiya, guminsa na ciki, kuma ba kowane mai wucewa ne ya san Baba ba. Ka kulle kaya masu tsada a durowa, ka bar ƙananan a fili, ka gayyace shi ya gani da idonsa. Amma kwaɗo a ƙofa, gaya wa mutanen nan ne cewa ka ɗauke su ɓarayi, kuma ba za su manta ba. Barin layin kuwa, wane shago za ka kama da ake biyan mutum ba ya nan?

Abu ɗaya ya rage. Gobe in wani maƙwabci zai fita cin abinci, ka ce ya bar ƙofarsa a buɗe, kai za ka duba masa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa wa kasuwarku albarka.