Ƙuri'ar da Loretta Ta Karanta a Waya

Ni Virgil Hollins na garin Coldwater Bend, jihar Mississippi, shekarata tamanin da ɗaya. Likita ya ce huhuna ba zai kai ni kakar ƙwallo mai zuwa ba, amma kaina garau yake, kada wani lauya ya ce maku magani ne ke magana. Wendell da Loretta, ku karanta wannan tare, a ɗaki ɗaya. Na san shekara talatin da uku ke nan ba ku zauna a ɗaki ɗaya ba. Ku daure.

Na ɗaya. A binne ni bayan coci, kusa da mahaifiyarku Ernestine. Kada ya zama ranar Asabar, don ba mai barin wasa ya zo.

Na biyu. Gida da kaskon suyar tarwaɗa na Loretta ne. Mota da littattafan da na cika cikin shekara arba'in ina rubuta labarin ƙwallon Amurka na jami'o'i a jarida na Wendell ne.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Jikokina sun taso sun tarar da kwamiti na zaɓo jami'o'i goma sha biyu su kara da juna har a fitar da zakara a fili. A zamaninmu ba haka ba ne. Kowace jami'a ta buga a rukuninta, sai 'yan jarida sittin da wani abu mu jera su a takarda, wadda ta fi maki ita ce zakaran ƙasa, ko da ba ta taɓa haɗuwa da mai bi mata ba. Ina cikin masu ƙuri'ar.

Shekara talatin da uku da suka wuce, Wendell, kai ne mai jefa ƙwallo na Jami'ar Tallahala, kuka ci wasanninku goma sha biyu duka. Maki ɗaya tak ya hana ku sarautar. Da aka buga takardun, aka ga tawa ta sa ku na uku. Gari ya ɗauki zafi, har aka fasa mana taga. Loretta ce ta karanta wa masu tattara maki ƙuri'ar a waya daga ofishin jarida, sai mutane suka ce ita ta tsallake layi. A teburin cin abinci ka nuna ta da cokali ka ce, "Ke ko ɗaya da uku ba ki iya bambancewa? Kin gama da ni!" Ta kalle ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka nama.

To ka ji yau. Loretta ba ta yi kuskure ba. Da safiyar ranar ta toshe bakin wayar da hannu ta ce, "Baba, na uku fa? Ɗanka ne fa." Na ce, "Karanta abin da na rubuta."

Ba zan yi maka ƙarya ina bakin kabari ba: har gobe na uku zan sa ku. Rukuninku mai rauni ne, bakwai daga cikin waɗanda kuka doke ko 'yan sakandare sa ba su wahala. Abin da idona ya gani na rubuta, kuma ban yi nadamarsa ba. Shiruna ne ke cina. Tsoron fuskarka na ji, na bar 'yata ta ɗauki kayan da ba nata ba. Ba ka je aurenta ba, 'ya'yanta ba su san muryarka ba, ita kuwa ba ta taɓa tona ni ba. Ina jin kunya, Loretta, kunyar da ban iya faɗa miki baki da baki ba.

Na huɗu. Kujeruna biyu na filin wasa, layi na sha tara, na sa sunayenku a kai. Ba a sayarwa, ba a ba abokai. Ko ku zauna a kansu kafaɗa da kafaɗa, ko su zauna wayam duk gari na kallo.

Allah ya yi maku albarka, ku da zuriyarku, ya sanyaya zukatanku. Ku riƙe juna, ba ku da kowa sama da juna. Wendell, fushin nan nawa ne, ka kawo mini shi kabari ka zage ni son ranka, ba zan ce uffan ba. Amma kafin ka zo, ka bi ta gidan ƙanwarka ka ƙwanƙwasa ƙofa.