Sule Tara da Aka Cire Sau Biyu

Gwandu, daren Talata, 9 ga Rajab

Yau na dawo daga Kalgo da takardar akawun kantin da nake ajiye kuɗin fatuna. Takardar ta ce saura sule talatin da ɗaya, littafina kuwa ya ce arba'in. Tun la'asar nake bin su layi-layi, sai bayan isha'i na gano inda gizo ke saƙa. Sule taran da na rubuta wa kantin a ba wani mai jakai, akawu ya cire su ranar da wasiƙata ta isa, ya sake cirewa ranar da mutumin ya je karɓa, don lokacin watan Nasara ya juya, an buɗe sabon shafi.

Yaya Umaru ya ce, "Ka haƙura, Bello. Takardar kanti da hatimi take, naka ajami ne."

Na ce, "Yaya, ni na jeme fatun nan, ba hatimi ba."

Har yanzu hannuna warin bagaruwa yake. Gobe da asuba zan tafi da mai jakan nan har kanti. In akawu ya isa, ya dubi idon mutumin ya ce masa sau biyu ya karɓa.