Na yabi gidan abincin surukina, alhali ban taɓa cin loma ɗaya a ciki ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, duk da na san wasu za su gane ni tun daga layi na biyu. Don Allah ku ba ni shawara tsakani da Allah, in da faɗa ma ku haɗa mini, na san na yi abin faɗa.

Ni malamin gona ne, ina zaune a Talata Mafara, aiki yakan kai ni Bakura da Maradun, wani lokaci har Dakko da Garbadu wurin manoman rani. Mai yawo irin nawa dole ya ci abincin waje, to wasa-wasa na fara rubuta sharhin wuraren cin abinci a wani gurup na matafiya da ma'aikatan yankinmu, abin ya karɓu. Direbobin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, malaman makaranta, baƙon da aka turo aiki, kowa sai ya tambaye ni ina zai ci. Ba don na iya rubutu ba ne, don ina da ƙa'ida ne. Ba na gaya wa mai wuri zan zo, ba na karɓar kyauta ko ta ruwan leda, inda kowa ke zama nan nake zama, kuma sai na koma sau biyu ko uku a lokuta daban, don miyar ƙarfe ɗaya ba ita ce miyar la'asar ba. Ina faɗin kuɗin faranti, yankan nama nawa, ruwan wanke hannu ana canzawa ko tun na safe ne, akwai wurin salla ko babu. Akwai wata mai tuwo a Maradun da na rubuta cewa miyar kukarta ba ta da ta biyu amma ƙudan wurin sun fi masu ci yawa, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, daga baya ta sa raga a tagogi. Wannan yardar da mutane suka ba ni ita nake gab da zubarwa, ko kuma in zubar da mutuncina a gidan surukai.

Surukina, baban maiɗakina, mahauci ne gado da gado, dattijon kirki, ya ba ni ɗiyarsa lokacin ko babur ban mallaka ba. Kwanan baya ya buɗe gidan abinci a bakin titi ya ɗauki masu dafuwa, sai ya aiko in zo in ɗanɗana in rubuta kamar yadda nake wa sauran. To jama'a ku da kanku kun sani, ina ni ina buɗe baki in kai loma a gaban surukina? Shi kuma kullum yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa, daga nan yana ganin kowane tebur. Sau biyu ina zuwa, in durƙusa in gaishe shi, ya ce a zuba mini, in ce alhamdu lillahi yanzu na ci, in tashi da yunwata in tafi. Da ya gane kunya ce sai ya yi dariya ya ce in je za a kai mini gida.

Washegari da azahar sai ga kuloli. Tuwon shinkafa mai laushi, miyar taushe ta sha man shanu, farfesun kayan ciki da har maƙwabta suka ji ƙamshinsa. Kwana uku a jere ana kawowa, kullum da sabon abu. Wallahi santi ne ya kwashe ni, na ɗauki waya na rubuta cewa duk hanyar nan ban ci miya irin wannan ba, wanda ya wuce Mafara bai tsaya ba ya cuci cikinsa. Ban biya ko sisi ba, ban zauna a wurin ba, ban kuma faɗa wa kowa mai wurin surukina ne ba. Ni da nake yi wa mutane wa'azin ƙa'ida!

Sati bai cika ba ƙorafi ya fara shigowa. Wani direba ya rubuta cewa ya tsaya da fasinjojinsa saboda maganata, suka yi ta yi masa tsiya har Sakkwato. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko wani wurin nake nufi daban. Ni kuma da taurin kai na dinga kare wurin, ina cewa ƙila sun je a makare. Da abin ya yi yawa sai na ba abokin aikina Lawali kuɗi ya sayo mini a leda da ƙarfe ɗaya daidai, ba tare da ya ambace ni ba. Innalillahi. Miya tsululu kamar an wanke tukunya, tuwo duk gudaji, ga gishiri. Naman dai mai kyau ne, ai gidan fawa ne, amma sauran ba a magana. Lawali ya ci loma biyu ya ture, ya ce in wannan ne abin da na yaba to in je a duba mini harshe.

Na koma gida raina a ɓace na tambayi maiɗakina. Buɗar bakinta sai dariya, wai au, ashe ban sani ba? Ai Inna, wato mahaifiyarta, ita ta dafa abincin kulolin nan da hannunta a gida, wa zai aika wa suruki abincin tukunyar kasuwa? A wurinsu girmamawa ce, ba wanda ya yi niyyar yaudarata. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ashe Baba shi ma ba ya cin abincin wurin, daga gida ake kai masa nasa, bai san abin da masu dafuwarsa ke zuba wa mutane ba. Na ce ta faɗa masa, ta ce ita ba ta isa ta dubi idon ubanta ta ce abincinsa ba daɗi ba. Na ce to zan rubuta gyara a gurup, nan fa aka yi ta, ta ce duk wuraren da ke Zamfara ban ga wanda zan tona wa asiri ba sai wanda ya ba ni mata, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na yi ta maza na je wurin Baba da kaina. Muka gaisa, ya gida, ya aiki, ya ruwa a gonaki, ina ta jiran inda zan sako maganar. Kafin in buɗe baki ya nuna mini bango, ashe an buga masa rubutuna a takarda ya sa an manna. Ya ce tun da na yi rubutun nan motoci ke tsayawa, ya ɗaga hannu ya dinga sa mini albarka. Na ce amin, na ce amin, na tashi na kama hanyar gida. Na ji haushin kaina ranar nan ƙwarai.

To jiya wata baiwar Allah daga Bakura, malamar firamare, ta turo mini saƙo. Ɗiyarta za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar, ita kuma tana fama da ciwon baya ba za ta iya girkin taro ba, tana so ta ba wurin Baba aikin abincin walimar gaba ɗaya. Ta ce ta ga masu ƙorafi amma ba ta kula su ba, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Malam, in ka ce e, yau zan kira su."

In na ce e, na kunyata ta a gaban baƙinta da sanina. In na ce a'a, garin nan ƙarami ne, kafin Juma'a Baba ya ji wa ya hana. In fito a gurup in ce na yi kuskure, ko in samu wani dattijo ya je masa da maganar, ko me? Don Allah ku taimaka mini da sauri, saƙonta na nan, ta ga alamar na karanta tun jiya, kuma ɗazu ta sake turo sallama.